Yadda Ake Sayen Igiyar Cajin Waya Mai Ƙarko Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Idan ka tsaya gaban mai sayar da kayan waya, a Farm Centre ta Kano ne, a Banex ta Abuja, ko a bakin tashar motar garinku, tambayar farko da zai yi maka ita ce, "Yallaɓai, orijina za a ba ka ko mai sauƙi?" Daga jin tambayar sai ka ɗauka igiyoyin caji iri biyu ne, alhali uku ne a kan teburin nasa. Akwai wadda kamfanin wayar ya yi da kansa, irin wadda ake tararwa a cikin kwali. Akwai wadda wani kamfani dabam ya ƙera, ya buga sunansa a jiki bai ɓoye ba, irin su Anker, Oraimo, Ugreen, Baseus da Belkin. Sai ta ukun, wadda ba wanda ya san masana'antar da ta fito, amma an lafta mata sunan Samsung ko tambarin Apple, an saka ta a farin kwali mai sheƙi.

Yawancin kuɗin da mutane ke asara a kan ta ukun nan yake tafiya, domin da sunan ta farko ake sayar da ita. A ganina, ga mafi yawan masu waya ta biyun ce ta fi dacewa da aljihu, kuma ba ta gaza ta kamfani a ƙarko ba, wasu ma sun fi ta. Sai dai akwai wayoyin da ba sa jan caji da sauri sai da igiyar gidansu, kuma wanda bai san wayarsa tana cikinsu ba zai sayi igiya mai tsada ya koma gida yana zargin mai shago. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: tabbatar igiyar ce ta lalace

Abu uku ne ke haɗuwa kafin batir ya cika: kan caja da ake sokawa a soket, igiya, da bakin cajin da ke gindin waya. Kowanne ya samu matsala alamar iri ɗaya ce, caji yana kamawa yana saki, ko waya ta kwana a jone ba ta cika ba. Don haka kafin ka fita kasuwa, ari igiyar wani wadda ka san lafiyarta ƙalau, ka jona da kan cajarka. In caji ya daidaita, igiyarka ce ta gaji. In bai daidaita ba, canja kan. In an canja duka biyun abin yana nan, sai a koma kan wayar.

Kashe ta, ka haska bakin cajin da tocila. Wayar da ke wuni a aljihun kaftani ko cikin jaka tana tara zare-zaren tufafi, ga ƙurar hunturu, kuma duk sanda aka soka igiya sai a ƙara danna dattin ciki, har ya dunƙule ya hana bakin igiyar kaiwa ƙarshe. Samu tsinken sakace na itace ko na roba, ka fiƙe shi ya yi siriri, ka riƙa yaƙuto dattin a hankali. Kada a sa allura ko fil, domin ƙarfe yana iya haɗa ƙananan haƙoran da ke ciki ko ya karya su. Akwai ɗan siririn harshe a cikin bakin Type-C da na Micro-USB, a bi ta gefensa, kada a danne shi. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa ba a sayi komai ba.

Mataki na biyu: san bakin wayarka da ƙarfin wutar da take ja

Bakin caji iri uku ne ke yawo a hannun mutane. Micro-USB, wanda da yawa ke kira bakin Android, ta fuska ɗaya yake shiga, kuma har yanzu yana nan a ƙananan wayoyi da tociloli da rediyoyi masu caji. Type-C yana shiga ta kowace fuska, shi ne a kusan duk sabuwar waya. Sai Lightning na Apple, wanda ya fara da iPhone 5 a 2012 ya zo har iPhone 14. Daga iPhone 15 a 2023 Apple ma ya koma Type-C, bayan Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta wannan baki a kan sabbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta daga ƙarshen Disamba 2024.

Duba ɗaya gefen igiyar ma, wanda ke shiga kan caja. Ko dai faffaɗan bakin nan ne na da, USB-A, ko kuma shi ma Type-C ne. Wannan bambancin yana da tasiri sosai a kan sauri, za mu zo kansa.

Yanzu ɗauki kan cajar da ya zo da wayar, ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Za ka ga lambobi irin 5V 2A, ko 9V 2A, ko 11V 3A. V ɗin shi ne bolt, A ɗin amfiya, in ka ninka ɗaya da ɗaya sai ka samu wat. Wato 5V 2A wat 10 ke nan, 9V 2A wat 18, 11V 3A wat 33, 11V 6A wat 66. Lambar da ta fi shafar igiya ita ce ta A, domin ita ce ke nuna yawan wutar da za ta ratsa ta cikin jan ƙarfen. Rubuta mafi girman A da ka gani, da shi za ka je kasuwa. In wayarka ba ta zo da kai ba, kamar iPhone tun daga 12 a 2020 da manyan Samsung tun daga Galaxy S21 a 2021, sai ka duba wat ɗin da take ɗauka a shafin kamfanin na intanet.

Mataki na uku: yanke shawara ko sai ta kamfani

Nan ne ya kamata a zauna a fahimta sosai, domin nan ake tsimin kuɗi, nan kuma ake zubar da shi.

Akwai tsarin caji mai sauri da kamfanoni da yawa suka yarda da shi tare, ana kiransa USB PD, kuma da igiya mai Type-C a duka gefe biyu yake aiki. iPhone daga 15 zuwa sama, wayoyin Pixel na Google, da Samsung masu caji na wat 25 ko 45 duk a kansa suke. A ƙa'idar wannan tsari, kowace igiyar Type-C da aka ƙera daidai dole ta ɗauki 3A, wanda ke kaiwa wat 60. In ana son 5A, wato wat 100 ko har 240 a sabon tsarin da aka fitar a 2021, sai an dasa wani ɗan ƙaramin guntun lantarki a cikin bakin igiyar, wanda ke shaida wa caja cewa igiyar za ta jure. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, mai Samsung ta wat 25 ko mai iPhone 15 ba ya bukatar igiyar kamfani ko kaɗan. Duk igiya mai suna da aka rubuta wa 60W ta wadatar. Mai Samsung da ke son cikakken wat 45 kuwa ya nemi wadda aka rubuta wa 5A ko 100W, ta kowane kamfani mai mutunci. Ƙarin kuɗin da za a biya don sunan Samsung ko Apple a nan ba ya ƙara saurin caji ko da minti ɗaya.

Sai ɗaya rukunin. Oppo ya fito da nasa tsarin mai suna VOOC tun 2014, kuma Realme da OnePlus a kan danginsa suke. Xiaomi da Redmi masu wat 67 ko 120 suna da nasu, Huawei na da nasa, haka ma wasu Infinix da Tecno masu babban caji. Da yawa daga cikin waɗannan suna tura wuta mai yawa, 4A zuwa 6A ko fiye, kuma kan cajar yana tantance igiyar kafin ya saki cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa za ka ga cikin faffaɗan bakin igiyarsu da launi na dabam, kamar ruwan lemo ko shunayya. In ka jona musu igiyar wani kamfani, ko da ta fi tasu tsada da kauri, waya za ta yi caji lafiya amma a hankali, ta koma wat 10 ko 18. Babu abin da ya lalace, cajar ce ba ta gane igiyar ba. Mai irin wannan waya, in saurin yana da muhimmanci a wurinsa, ya nemi ta kamfani daga wakilinsu, ko wadda aka rubuta ƙarara a kwalinta cewa tana aiki da tsarin wayarsa, kuma ya gwada kafin ya biya.

Wani abu da ke rikita mutane: Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma Oraimo da cibiyoyin gyara na Carlcare ma nasa ne. Wannan bai sa kowace igiyar Oraimo ta zama mai ba kowace Infinix cikakken sauri ba. Oraimo yana da ta 2A, yana da ta 3A, yana da wadda ta fi haka. Lambar da ke kan kwali ita ce abin dubawa.

Masu iPhone 14 zuwa ƙasa kuma nasu dabam ne. A cikin bakin Lightning akwai guntun tantancewa na Apple, kuma kamfanonin da suka karɓi lasisi a ƙarƙashin shirin MFi ne kawai ke samun na gaskiya. Za ka ga tambarin "Made for iPhone" a kwalinsu. Igiya mai wannan lasisi daidai take da ta Apple a wajen aiki. Marar lasisi ita ce ke jawo saƙon nan da ke fitowa a fuskar waya cewa ba a amince da na'urar ba, ko ta yi aiki kwana kaɗan ta tsaya. Tun da tambari abu ne da kowa zai iya bugawa, Apple yana da shafin da ake bincika sunan kamfani a ga ko yana cikin masu lasisi. Sannan caji mai sauri a iPhone 8 zuwa 14, wanda ke kai batir kusan rabi cikin minti 30, sai da igiya mai Type-C a gefe ɗaya da Lightning a ɗayan, tare da kai mai wat 20 ko makamancinsa. Mai faffaɗan baki ba za ta ba da wannan ba, ko da daga hannun Apple ta fito.

Mataki na huɗu: fahimci abin da ke cikin robar

Igiyoyi biyu za su yi kama da juna a ido, ɗaya ta cika waya a awa ɗaya da rabi, ɗaya ta kai awa huɗu. Bambancin yana cikin kaurin jan ƙarfen da ke ɗauke da wutar. Kamar tiyo ne: in siriri ne kuma dogo, ruwan da zai fito a ƙarshe ba shi da ƙarfi, komai ƙarfin famfon.

Ana auna kaurin da lambar AWG, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Wasu igiyoyi suna da rubutun a jikin robarsu, kamar 28AWG ko 24AWG ko 22AWG. Ga lissafin a sauƙaƙe. Igiya mai tsawon mita 1 da aka yi da 28AWG, in aka tura mata 2A, kusan bolt 0.85 ne ke salwanta a hanya. Caja ta saki bolt 5, waya ta karɓi 4 da 'yan kai. Da waya ta ga wuta ta faɗi haka sai ta rage abin da take ja, caji ya koma tafiyar hawainiya, abin da ya salwanta kuma ya zama zafi a jikin igiyar. Mai 24AWG a wannan tsawon kusan bolt 0.34 kawai take zubarwa. In ka ninka tsawon zuwa mita 2, asarar ma ta ninka. Wannan ne dalilin da ya sa doguwar igiyar arha, irin mai mita 3 da ake so don a kwanta a gado ana latsa waya, ta fi kowace jinkiri. In dole sai doguwa, to a nan ne ya kamata a ƙara kuɗi a sayi mai kauri.

Masu yin jabu suna rage kuɗi ta hanya biyu. Ko su sa 'yan silla kaɗan na jan ƙarfe su cika sauran da roba don igiyar ta yi kauri a hannu, ko su yi amfani da alminiyam ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam bai kai jan ƙarfe wuce da wuta ba, kuma yana saurin karyewa in ana lanƙwasa shi. Mai baƙin ƙarfe a ciki ana iya kama ta da maganaɗisu: kara shi a tsakiyar igiyar, nesa da bakunan, in ya ja ta to ajiye ta, jan ƙarfe na gaskiya ba ya bin maganaɗisu. Saƙar zare mai kyau da ake yi a bayan igiya tana kare ta daga yagewa, amma ba ta faɗin komai a kan abin da ke ciki. Jabu da yawa saƙaƙƙu ne.

Batun haɗari kuma a faɗe shi yadda yake. Jan wuta mai kisa da gobara yawanci daga jabun kan caja suke fitowa, domin shi ne ke haɗe da wutar gida kai tsaye. Ita igiya ɓarnarta ta fi zuwa ta zafi a baki, narkar da wurin caji, ko haɗin da aka yi ba daidai ba. Wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya yi suna a 2015 da 2016 wajen sayen igiyoyin Type-C a kasuwar intanet ta Amazon yana gwada su yana bayyana sakamako. Ya gano da yawa daga masu faffaɗan baki a gefe ɗaya da Type-C a ɗayan ba su da ɗan abin tsaron da ƙa'ida ta ce a sa, wanda ke hana waya neman wutar da ta fi ƙarfin cajar. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyinta a juye ta ƙona masa kwamfutarsa ta Chromebook Pixel, kuma a wannan shekarar Amazon ya hana sayar da igiyoyin Type-C da ba su cika ƙa'ida ba. A kasuwanninmu ba mai tace su kafin su hau tebur, mai saye ne zai tace da kansa.

Mataki na biyar: a cikin shago

Je da wayarka batirinta yana tsakanin kashi 20 da 40 cikin ɗari. Waya tana rage jan wuta da kanta in ta doshi kashi 80, don haka in ka gwada da cikakken batir, mai kyau da marar kyau duk ɗaya za su nuna. Je da kan cajarka kuma, domin da shi za ka yi amfani a gida. In Android gare ka, sauke manhajar Ampere ko AccuBattery, masu nuna yawan wutar da ke shiga batir, tun daga gida, ka gwada da wata igiya mai lafiya ka riƙe lambar da ta nuna a ka.

Zaɓi shago mai mazauni, wanda za ka dawo gobe ka tarar da mai shi. Mai yawo da kaya a tire ko a baro yana iya kasancewa mutumin kirki, amma shi kansa sau da yawa bai san abin da aka ba shi a sari ba, kuma in igiya ta mutu ba inda za ka same shi. Faɗa wa mai shago bukatarka a fili: "Malam, Type-C zuwa Type-C nake so, mai 60W, mita ɗaya, kuma zan gwada a nan kafin in biya." Mai kaya masu kyau ba ya ƙin gwaji. In ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ku yi magana tun farko cewa in ba ta ba da saurin da aka rubuta ba zai canja.

Fara da kwalin. Nemi sunan kamfani, lambar samfuri, yawan A ko W, da tsawo. Kwalin da ba abin da ya ce sai kalmomin yabo da hoton walƙiya, babu lamba ko ɗaya, ba shi da abin faɗa ne. Wasu kamfanoni suna manna takardar da ake kankarewa a samu lambar tantancewa a shafinsu. In akwai, kankare ka duba nan take, minti biyu ne. Ga mai neman Lightning ta Apple, kamfanin ya bayyana alamominsa: a jikin igiyar, kimanin santimita 18 daga bakin USB, akwai rubutun "Designed by Apple in California" da ƙasar da aka harhaɗa ta da lamba mai alƙaluma 12, kuma haƙoran bakin suna da santsi da gefe a zagaye, ba kaushi. Masu kwaikwayo sun iya buga rubutun, don haka rashinsa hujja ce a kan jabu, samunsa kuwa bai isa shaida ba. Farashi ya fi rubutu faɗin gaskiya. Apple yana sayar da igiyarsa mai mita 1 dala 19 a Amurka. Juya wannan zuwa naira ko sefa a canjin yau. In wani ya miƙo maka "orijina ta Apple" sabuwa a kwali a kan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi, ka riga ka san amsar.

Sai ka riƙe igiyar. Duba wuyanta, inda roba ta haɗu da baki, domin nan ne igiya ke fara mutuwa. Mai kyau tana da wuya mai ɗan tsawo da ke lanƙwasuwa a hankali. Duba ƙarfen bakin Type-C: wanda aka yi da kyau sumul yake, wanda aka naɗe aka haɗa da ɗinki a bayyane yakan buɗe da wuri. Soka a waya. Ya kamata ta shiga da ɗan ƙara, ta zauna daram. In sai an tura da ƙarfi, zare ta, za ta buɗa maka bakin waya. In kuma tana lilo, caji zai riƙa yankewa.

Yanzu jona a wuta ka kalli fuskar wayar. Samsung tana rubuta "Super fast charging" in ta samu wat 25, ta ƙara "2.0" in ta samu 45. Xiaomi, Oppo, Infinix da sauransu kowacce tana da alamarta ko lambar wat da take nunawa, kuma ka san wadda ka saba gani da igiyar asali. In ba ta fito ba, igiyar ba ta dace da tsarin wayarka ba. Buɗe manhajar ka jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya. Lambar ba cikakkiyar awo ba ce, tun da wayar tana cin wani abu a lokacin, amma ta isa kwatanta igiya biyu a kan waya ɗaya da kai ɗaya. In wadda ka gwada a gida ta nuna 1,800 wannan ta tsaya a 700, magana ta ƙare. Girgiza igiyar a hankali a wuyanta ta duka gefe biyu kana kallon alamar caji, kada ta ɗauke ko sau ɗaya. Bar ta minti biyar ka taɓa bakin. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da ke sa ka janye yatsa kuwa alamar matsala ce.

Wasu masu shago da masu gyara suna da 'yar na'urar awo da ake sakawa tsakanin caja da igiya, tana nuna bolt da amfiya a ƙaramin gilashi. In akwai, roƙi a sa maka. Mai shagon cajin waya da ke sayen igiyoyi da yawa ya kamata ya mallaki tasa, kuɗinta bai kai na igiyoyin da za ta hana shi saya a banza ba.

In kana tura hotuna ko fayil zuwa kwamfuta, gwada wannan ma. Akwai igiyoyin da aka cire musu silin ɗaukar bayanai gaba ɗaya don a rage kuɗi. Ba sa haɗa waya da kwamfuta, kuma wasu tsare-tsaren caji mai sauri, kamar Quick Charge na Qualcomm, ta waɗannan silin caja da waya ke daidaitawa, don haka saurin ma ba zai samu ba.

Kafin ka bar shagon karɓi rasit, a rubuta sunan igiyar da kwanan wata, ka tambayi tsawon garanti da inda ake kai ƙorafi. Ajiye kwalin.

Mataki na shida: lissafin kuɗin

Farashi yana motsi da canjin dala, don haka sa naka alƙaluman a wannan misali. A ce ta arha naira 1,000 ce, tana yin wata biyu. A ce mai suna naira 4,000 ce, tana yin shekara. A shekara ɗaya mai sayen ta arha ya kashe 6,000, ban da kuɗin mota da zirga-zirga. Raba farashi da adadin watannin da igiya ta yi, abin da ya fito shi ne kuɗinta na gaskiya. Da wannan ma'auni za ka auna ta kamfani ma: in ta ninka mai suna sau uku a farashi, sai ta ninka ta sau uku a daɗewa kafin su yi kunnen doki, kuma da wuya hakan ta faru, tun da dukkansu a wuya suke karyewa.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit, kuma a wurinmu ya fi nauyi. Inda ake kawo wuta awa biyu a ɗauke, ko ake tada janareta na ɗan lokaci da dare, igiyar da ke zubar da wuta a hanya tana nufin ka wayi gari da rabin batir, ka kai shagon caji ka biya. Mai sana'ar POS, ɗan acaɓa ko direban da ke karɓar kira daga fasinja, da mai sayar da kaya ta WhatsApp, mutuwar waya da rana tsaka ciniki ne ya wuce su. Ga kuma kuɗin canja bakin caji a wurin mai gyara in igiya marar saiti ta buɗa shi ko ta ƙona shi, wanda ya fi kuɗin igiya mai kyau. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a kan igiyar caji kuwa ko aikin ma ba ta yi.

Duk da haka ba na cewa a sayi mafi tsada. Mai ƙaramar waya da ke jan wat 10 bai da abin yi da igiyar 100W, wayar ba za ta ja fiye da abin da aka ƙera ta ta ja ba. Mai suna ta 2A ko 2.4A ta ishe shi. Igiyoyin 240W da masu saurin tura bayanai na kwamfuta ne da masu aikin bidiyo.

Mataki na bakwai: riƙo

A kama baki a zare, kada a fizgi igiya daga tsakiya. Kada a naɗe ta tam a jikin kan caja, a yi mata zagaye mai faɗi kamar tafin hannu. Latsa waya tana caji an dafa gindinta a ciki ko a katifa shi ne ke karya wuya fiye da komai. Wanda ba zai iya bari ba ya nemi igiya mai baki a lanƙwashe. Kada a bar ta a gaban gilashin mota da zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, roba tana bushewa ta tsage. A nisanta ta da jiƙa da bakin yara masu tauna. Ga fawa banki, gajeriya mai santimita 20 ko 30 ta fi, tana rage asarar wuta kuma ba ta cukurkuɗewa a jaka.

In roba ta tsage har ƙarfe ya bayyana, ko bakin ya yi baƙi, ko kana jin ƙaurin roba, ko sai an karkata ta an danne da littafi kafin ta kama, a daina amfani da ita ranar. Naɗa salatif yana rufe tsagar ne kawai, silin da suka karye a ciki suna nan, kuma 'yan kaɗan da suka rage su ne ke ɗaukar duk wutar suna zafi. In tana cikin garanti, ɗauki rasit da kwali ka mayar. In ta wuce, yanke ta gida biyu kafin ka jefar, don kada wani ya tsinta ya jona a wayarsa.